Gripe Water, Infacol, BioGaia da Nospamin: wanne ya cancanci kuɗinki idan jariri ya ƙi shiru da magariba?

Idan aka aika yaro kemis da saƙon cewa jariri na tsala kuka daga la'asar sakaliya har bayan isha'i, da wuya ya dawo hannu rabbana. Kwalabe huɗu ne suka fi zuwa hannun masu jego: Woodward's Gripe Water da ire-irensa, Infacol, Nospamin, sai kuma BioGaia a manyan shagunan magani na birni. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan iyaye mata a Legas ya nuna cewa a cikin magungunan bature, Nospamin da gripe water ne aka fi ɗura wa jarirai masu irin wannan kuka, sau da yawa ba tare da likita ya ga yaron ba. Duk wanda ya leƙa kantar mai kemis a Arewa ya san labarin bai canja ba.

Kafin a auna kwalaben, sai an san kukan da ake so su magance, don a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Jariri lafiyayye yakan fara wannan rigima wajen mako na biyu. Tana ƙaruwa har ta kai ƙololuwa wajen mako na shida, sannan ta fara sauka, zuwa wata uku ko huɗu ta wuce a wajen mafi yawan yara. Likitan yara T. Berry Brazelton ya bi jarirai 80 a Amurka a 1962, ya tarar a mako na shida matsakaicin kukansu ya kusa awa uku a yini, kuma mafi yawansa da yamma ne. Tun a 1954 wani likitan, Morris Wessel, ya sa ma'aunin da har yau ake ambata: kukan da ya wuce awa 3 a yini, kwana 3 ko fiye a mako, har tsawon mako 3, a jaririn da ke shan nono sosai yana kuma ƙara nauyi. Yaron kan naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, ya banƙare, fuska ta yi ja, ya yi ta tusa. Shi ya sa kowa ke cewa ciwon ciki ne ko ciwon cibiya. Amma yawancin iskar da ke fita, a wajen kukan ya haɗiye ta.

To lissafa mako shida da kwanaki: 42. Kusan daidai da arba'in ke nan. Lokacin da mai jego ke tattara kayanta ta bar gaban mahaifiyarta da ƙannenta ta koma ɗakinta, lokacin ne kukan ya fi tsanani, hannayen da ke karɓar yaron kuma suka ragu. A makon ne kuma ake yin allurar rigakafi ta mako shida, sai a ɗora wa allurar laifi, ko sabon gida, ko bakin mutane. A makon ne dai ake sayo kwalbar farko. Bayan mako biyu ko uku kukan ya fara sauka da kansa, kwalba ta kwashe yabo, uwa ta gaya wa maƙwabciya. Duk maganin da aka fara bayarwa a mako na shida zai yi kama da mai aiki. Tambayar da za a yi wa kowace kwalba ita ce: ta fi ruwan da babu magani a cikinsa?

Gripe water

Wannan shi ne dattijo a cikinsu. William Woodward, mai haɗa magani a Ingila, shi ya fito da shi a 1851, kuma haɗin farko ya ƙunshi barasa kashi 3.6 cikin ɗari, da sukari, da bekin soda, da man 'ya'yan wani tsiro mai ƙamshi da ake kira dil. Ba abin mamaki ba ne jariran wancan zamani su yi luf bayan sun sha. An cire barasar daga baya. A takardar wanda ake sayarwa a Birtaniya yanzu, kowane mililita 5 na ɗauke da miligiram 52.5 na bekin soda da miligiram 2.3 na man dil. Ƙa'idar da aka rubuta: ba a ba jaririn da bai kai wata ɗaya ba, daga wata 1 zuwa 6, mililita 5 lokacin shayarwa ko bayanta, daga wata 6 zuwa shekara, mililita 10, kada a wuce sau 6 a awa 24. Kwalaben da ke kasuwa kamfanoni daban-daban ne ke yin su, daga ƙasashe daban-daban, kuma wasu suna da sukari mai yawa, don haka a karanta abin da ke jikin wadda aka sayo.

Iyaye mata na yaba masa da abu biyu, kuma dukansu gaskiya suke gani. Na farko, yaro kan yi shiru da zarar ya sha. Zaƙi ne: an daɗe da sanin cewa ɗanɗanon zaƙi a harshen jariri na kwantar da shi na 'yan mintuna, har a asibiti ana amfani da ɗigon ruwan sukari kafin a tsira wa jariri allura. Bayan mintunan nan kuka ya dawo. Na biyu, yakan yi gyatsa mai ƙarfi. Bekin soda dangin kanwa ne, idan ya haɗu da tsamin da ke cikin tumbi sai ya tashi da kumfa ya saki iska. Wato wani kaso na gyatsar da ake murna da ita, maganin ne ya ƙirƙire ta a cikin yaron. Tsamin tumbi kuwa ba shi ne ke sa kukan yamma ba, yana ma da aikinsa na kashe ƙwayoyin cuta.

Babu wani gwaji mai inganci da ya nuna gripe water na rage kukan nan. Illarsa ta fi fitowa ta wajen yadda ake ba da shi. Sau shida na mililita 5 ya zama mililita 30 a yini na abin da ba nono ba, a tumbin da bai da girma, a watannin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi. Ana auna shi da cokalin shayi na kicin, wanda wani ya ɗauki mililita 3 wani ya ɗauki 7. Ana ɗura wa yaro yana kwance yana tsakiyar kuka, ya sarƙe. Ana tsoma cokalin da ya shiga baki a koma bakin kwalba, a ajiye ta a taga wata biyu cikin zafi. Ana kuma fara shi tun ranar suna, alhali takardarsa ta hana kafin wata guda. Araharsa ce kaɗai abin yabo, kuma arahar abin da ba ya aiki ba riba ba ce. A cikin huɗun nan shi ne wanda za a iya bari a kanta ba a yi asarar komai ba.

Infacol

Wannan ya fi tsabtar haɗi. Sinadarinsa guda ne, simetikon, miligiram 40 a kowane mililita. Aikinsa ya tattara ƙananan kumfar iska a ciki su zama manya, don su fi sauƙin fita da gyatsa. Ba ya shiga jini, yadda ya shiga haka yake fita a kashi, shi ya sa aka yarda a ba da shi tun daga haihuwa. Yana zuwa da ɗan bututun ɗigawa a murfinsa: a girgiza kwalba, a matsa robar a cika bututu, wato rabin mililita, a ɗiga a bayan harshe kafin kowace shayarwa. Idan an yi kwana uku ko huɗu ba canji, takardar ta yarda a ninka zuwa mililita 1. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce kwana 28.

Ta fuskar amfani, bututun ya fi cokali nesa ba kusa ba, kuma abin da ke shiga cikin yaron kaɗan ne. Matsala ta farko lissafi ce. Jaririn da ke kan nono yana sha sau 8 zuwa 12 a yini, da yamma kuma yakan kama ya saki, ya kama ya saki, kowane rabin awa. Idan aka bi kowane kamu da ɗigo, kwalbar mililita 55 ba za ta yi mako biyu ba. Matsala ta biyu ta fi girma. A 1994 an gwada simetikon a kan jarirai 83 a Amurka, kowane yaro aka ba shi maganin na wasu kwanaki, aka ba shi na bogi na wasu kwanaki, iyaye ba su san wanne ne wanne ba. Sakamakon ya fito kunnen doki: yadda iyaye suka ga sauƙi da na gaskiya, haka suka gani da na bogi. Hukumomin lafiya na Birtaniya ba sa sa shi cikin abin da suke ba da shawara a kai don wannan kuka.

Hukuncinsa ke nan: da wuya ya cutar, da wuya kuma ya yi abin da aka saye shi dominsa. Idan hankalin gida ba zai kwanta ba sai an ba yaro wani abu, gara shi da gripe water. A gwada mako guda, in ba a ga bambanci ba a daina. Togiya guda: jaririn da ke shan maganin ƙarancin sinadarin maƙoshi, levothyroxine, kada a haɗa masa da simetikon sai da sanin likitansa, don yana iya hana maganin shiga jiki yadda ya kamata.

BioGaia Protectis

Shi kaɗai ne a cikinsu ke da hujjar da za a zauna a tattauna. Kamfanin ƙasar Suwidin ne, kuma abin da ke cikin kwalbar ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, masu amfani ga hanji, nau'in Lactobacillus reuteri DSM 17938, a cikin mai. Ana ba da ɗigo 5 sau ɗaya a yini, kimanin ƙwayoyi miliyan 100. Ƙaramar kwalbar mililita 5 takan kai kwana 25. A girgiza sosai kafin a ɗiga, don ƙwayoyin na kwantawa a ƙasa. Wanda bai girgiza ba mai zalla yake ba yaro a makon farko. A karkata kwalba a ɗiga a cokali mai tsabta, kada bakinta ya taɓa bakin yaro ko ruwa, kada kuma a zuba a madara mai zafi.

Gwaje-gwajen farko a Italiya da Folan sun nuna raguwar kuka sosai a jariran da ke kan nono. Wani babban gwaji a Melbon ta Ostareliya a 2014, mai jarirai 167, masu nono da masu madarar gwangwani, bai ga amfani ba. A 2018 aka haɗa bayanan gwaji huɗu, jarirai 345, aka sake lissafi: bayan kwana 21, waɗanda suka sha na gaskiya sun fi na bogi raguwar kuka da kimanin minti 25 a yini, kuma amfanin ya fito fili ne a masu shan nono. Ga masu madarar gwangwani ba a samu hujja ba. A lura da girman abin. Yaron da ke kukan awa huɗu ba zai koma barci da magariba ba, ragi ne za a samu, kuma sai an jure mako biyu zuwa uku ana bayarwa kullum.

Abin da ke karya shi a ƙasar Hausa zafi ne. Takardarsa ta ce a ajiye a inda bai wuce digiri 25 ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu ana haura digiri 40, ga wuta ba tabbas. Kwalbar da ta yi watanni a kantar shagon da ba na'urar sanyaya ɗaki, ba mai iya gane wa ido ko ƙwayoyinta na raye, don launi da ƙamshi ba sa canjawa. Saboda haka inda aka saya ya kusa fin abin da aka saya muhimmanci: babban shagon magani mai sanyi, ba tebur a kasuwa ba. A gida a sa a firji in akwai wuta. In babu, a ƙulle a leda a ajiye a gindin randa, nesa da taga da murhu. Bayan buɗewa wata uku ne iyakarsa. Shi ne kuma mafi tsada a cikin huɗun, da tazara mai yawa, kuma farashinsa na bin dala. Ga bakwaini, ko jariri mai wata babbar lalura, ba a fara shi sai likita ya ce. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba bakwaini irin waɗannan ƙwayoyi masu rai bayan mutuwar wani jariri.

Ga uwar da ke shayar da nono zalla, yaronta cikakken haihuwa ne, likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma kuɗin ba zai taɓa cefane ba, wannan ne kaɗai ya cancanci gwaji.

Nospamin da sauran da ake miƙowa ta bayan kanta

Nospamin magani ne na gaske, ba ruwan zaƙi ba, kuma wannan ne dalilin tsoronsa. Sinadarinsa, homatropine, yana cikin rukunin magungunan da ke sassauta murɗawar hanji ta hanyar danne wasu jijiyoyi. Jijiyoyin nan su ne kuma ke kula da yawu, zufa, fitsari da bugun zuciya. In ya yi yawa, baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba zufa, zuciya ta yi sauri, ciki ya kumbura, kashi ya tsaya. Jariri a watan Afrilu da aka rage masa zufa yana cikin haɗari. Wani ɗan'uwansa a rukunin, dicyclomine, an tabbatar yana rage kukan, amma an hana ba jarirai 'yan ƙasa da wata shida saboda an samu waɗanda numfashinsu ya tsaya da waɗanda suka yi jijjiga. Tsakanin ɗigon da ya isa da wanda ya yi yawa tazarar kaɗan ce, ga uwa a gajiye tana ƙirga ɗigo da hasken waya. Wannan ba na aike ba ne. In ba likitan da ya auna nauyin yaron ne ya rubuta ba, a bar shi.

Haka Piriton da Phenergan da ake ba yaro don ya yi barci. Piriton ba na ɗan ƙasa da shekara ba ne, Phenergan kuwa an hana shi ga ɗan ƙasa da shekara biyu don yana danne numfashi. Farasitamol ba ya maganin wannan kuka, sai dai ya ɓoye zazzaɓin da ya kamata a gani. Maganin haƙori ma ba shi da hurumi a nan, haƙori sai wajen wata shida yake fara fitowa. Masu shekaru za su tuna My Pikin, ruwan maganin haƙorin da ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol a ƙarshen 2008, ya lalata ƙodar yara a Legas, Ibadan da Zariya, aka ƙirga mutuwar aƙalla 84. Duk kwalbar da za ta shiga bakin jariri a duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da hatimin murfi.

Na gida ma a faɗi gaskiya a kansu, ko da ran kaka zai ɗan sosu. Zuma ba ta shiga bakin yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke sakin guba mai shanye jiki a hanjin jariri. Dauri da jiƙe-jiƙe ba wanda ya san ƙarfinsu, kuma ruwan da aka jiƙa su da shi kansa hanyar gudawa ne. Ruwan kanwa gishirinsa ya fi ƙarfin ƙodar jariri. Gasa cibiya da tsumma mai zafi na ƙona fata, ba ya kai wa hanji. Addu'a a tofa wa yaro a shafa masa, wannan ba ya buƙatar a ɗura masa komai.

Abin da ya fi kwalaben aiki

A fara da kamun nono, don a nan iska ke shiga. Bakin yaro ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da'irar nonon ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. In ana jin ƙarar tsotsa kamar taɓa harshe, ko kumatunsa na lotsawa, ko kan nono na ciwo, kamun bai yi ba: a sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen baki a cire shi a sake. A bar shi ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi, domin na ƙarshen ya fi maiƙo ya fi riƙe ciki. Yawan sauyawa kowane minti biyar na cika shi da na farko mai ruwa-ruwa, sai kashi kore mai kumfa da yawan tusa. Yawan neman nono da yamma kuma ba alamar nono ya ƙare ba ne. In yana jiƙa famfas ko nafkin sau shida ko fiye a yini, nauyinsa na hawa a katin awo, nono na isarsa, kada a ruga a sayo madara.

Ga mai shan madarar gwangwani, ruwa ake fara zubawa a fida sannan gari, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe shi daidai baki. Yawancinsu cokali ɗaya ne ga mililita 30, amma a bi abin da ke jikin gwangwanin. Ruwan ya tafasa, a haɗa tun yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, a huce kafin a bayar. Bayan girgizawa a jira kumfa ta kwanta. Kada a faɗaɗa hudar robar da allura: in aka kifa fida, madara ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya, ba ta zuba ba. A riƙe yaro a ɗan zaune, robar kuma kullum cike da madara.

Gyatsa a tsakiyar shayarwa da bayanta, a kafaɗa ko a zaune a cinya an tallafe haɓa, minti biyu zuwa biyar. In ba ta zo ba a ƙyale, ba dole ba ce. Shafa ciki da ɗan man kaɗe ana zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, da lanƙwasa ƙafafu zuwa ciki a hankali, a yi su kafin lokacin rigimar ko tsakanin shayarwa, ba kan cikakken ciki ba.

Sai gajiya, wadda aka fi mantawa da ita. Jariri ɗan mako shida ba ya jure zama ido biyu fiye da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gidan da 'yan barka ke shige da fice, wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan, yara sun dawo daga islamiyya, talabijin na yi, janareta na ruri, yaron kan kai magariba bai runtsa ba tun azahar. Hamma, kau da kai, da zura ido wuri guda su ne alamun farko. Kuka na ƙarshe ne. Barcin la'asar ko na minti 40 ne yana rage rigimar dare. A kuma duba hayaƙi: itacen girki, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk da magariba ake tayar da su. Gidan sauro ya wadatar. Da hunturu hanci kan bushe ya toshe, jariri kuwa da hanci yake numfashi yana shan nono, sai ya kama ya saki yana ihu. Ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan gishirin hanci na kemis kafin shayarwa na warware wannan. Da bazara a rage kaya: hula, safa da bargo a ɗakin da babba ke zufa azaba ce.

Goyo na da hujjarsa a rubuce. A Montiriyal ta Kanada a 1986, an sa wasu iyaye su ƙara awannin ɗaukar jariransu tun daga mako na uku, a mako na shida kukansu ya gaza na sauran da kashi 43 cikin ɗari, da yamma ma fiye da haka. Gwajin da ya biyo baya ya nuna in kukan ya riga ya kafu, ƙarin ɗauka ba ya kashe shi, don haka tun da rana ake goyon, ba sai an fara ihu ba. Ga ƙaramin jariri zane ya tallafi ƙeya, fuska a juye gefe, hanci a buɗe, haɓa ba ta danne ƙirji ba, majanyi kuma a ƙasan ɗuwawu. Kada a lulluɓe shi cikin hijabi mai kauri, kada a sunkuya da shi kan murhu. Wani riƙon da ke aiki shi ne a kifa shi a kan damtsen hannu, kansa wajen gwiwar hannu, tafin hannu tsakanin cinyoyinsa, ana tafiya a hankali. Wannan maigida ma zai iya, kuma ya kamata ya karɓa. Kifawar ta ido biyu ce kawai, barci a rigingine ake kwantar da jariri. Ƙarar fanka ko shuuu ta rediyo na taimaka wa wasu, amma a nisanta ta kamar mita biyu, a kuma rage murya.

Ta ɓangaren uwa, goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba mai kafeyin suna ratsawa cikin nono, jariri kuma yana daɗewa bai fitar da su ba. Wasu 'yan tsirarun jarirai jikinsu ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu. Alamarsa kuka tare da ƙuraje masu ƙaiƙayi, yawan amai, ko majina da ɗigon jini a kashi. A irin wannan ne likita kan sa uwa ta bar nono, kindirmo da madara na mako biyu zuwa huɗu a gani. Ban da haka ba dalilin hana mai jego abinci.

Wani dare duk za a yi waɗannan yaron ya ƙi. In uwa ta ji ranta ya fara ɓaci, ta miƙa shi, in ba kowa ta kwantar da shi a rigingine cikin gidan sauro ta fita tsakar gida minti goma. Kuka ba ya lahanta ƙwaƙwalwar jariri, girgiza shi da ƙarfi kuwa na iya fasa jijiyoyin jini a kansa, ya makance ko ya mutu. A gaya wa 'yar raino da yayyensa wannan da baki. Uwar da ta wuce mako biyu tana kuka, ba ta barci ko yaro ya yi, ko tana jin ba ta son ganinsa, ita ma a kai ta asibiti.

Akwai kukan da ba a tsayawa gwada kwalba ko goyo a kansa. Zafin jiki digiri 38 ko fiye a jaririn da bai kai wata uku ba, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, ƙin kama nono, amai kore, ko amai mai feshi bayan kowace shayarwa, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, maɗiga ta kumbura ko ta lotsa, numfashi 60 ko fiye a minti ga ɗan ƙasa da wata biyu, ko ƙasan ƙirji na shiga ciki, jijjiga, idanu da tafin hannu sun yi ɗorawa, cibiya na ruwa ko wari, kumburi a matsematsi ko maraina, ko kuka mai kaifi da bai saba yi ba, ko yaro ya yi laushi ya kasa kukan ma. Waɗannan asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. Kafin a fita a tuɓe shi tsaf a duba yatsun hannu da na ƙafa da gabansa, don silin gashi ko zaren safa kan naɗe ya shaƙe wuri. A tafi da katin awo, da duk kwalbar da aka taɓa ba shi, har da ta jiƙo, a kuma faɗa wa likita nawa aka ba shi da ƙarfe nawa.